Bokitin Baffa da Alkawarin Gwamnati

A Agege ta Legas aka haife ni, a bayan layin dogo, a gidan da kakana ya gina da ribar goro. Na iya Yarbanci har da na zagi, in na shiga kasuwar Idumota ina ciniki ba mai cewa ba 'yar gida ba ce. Duk da haka a wajen maƙwabtana ni Alhaja Hausa ce, wadda wata rana za ta tattara ta koma garinsu. A garin namu kuwa, 'yan lokutan da na je, matan gidan kakanmu rufe baki suke yi da gefen mayafi suna dariyar Hausata, suna kirana Bayarabiya. Ban taɓa nuna musu na ji haushi ba, amma ga shi har yau ina ba da labarin.

Abin da ya riƙe ni da garin ubana ba fili ba ne, ba gona ba ce, bokitin fenti ne, fari mai murfi, irin wanda magina kan jefar in sun gama aiki. Ƙanen mahaifina ne ya fara aiko shi a shekarar da mahaifina ya rasu. Baffa nake ce masa, shi kuwa Uwata yake ce mini, domin sunan mahaifiyarsa aka sa mini, kuma tun ina rarrafe bakinsa bai taɓa kama sunana ba. Malamin firamare ne da ya yi ritaya, yana zaune da matarsa da 'yar rediyonsa da fanshon da ba ya kai ƙarshen wata sai da dabara. A cikin dangin da suka rage a can, shi kaɗai ne bai taɓa gyara mini Hausa ba.

Akwai wani direban babbar motar albasa, ɗan unguwarsu Baffa, da ke sauke kaya a kasuwar gwari ta wajen Ketu. Shi ne gidan wayarmu. In ya iso sai ya buga mini, in hau danfo, ƙaramar bas ɗin haya ta Legas, in je, in ratsa tsakanin buhuna da 'yan dako da ruwan ruɓaɓɓen tumatir, in karɓi bokitina daga bayan kujerarsa. A ciki akwai daddawar da matar Baffa ke yi da hannunta, da kuka, da busasshiyar kuɓewa, da yaji, wani lokaci har da man shanu a kwalba an ɗaure bakinta da leda. Ni kuma in juye, in wanke shi, in cika shi da goro da manja da garin rogo da busasshen kifi kafin motar ta juya. Ba mu taɓa zama mun tsara ba, amma ni da shi mun san ƙa'idar, bokiti ba ya tafiya wofi. Haka kakata take yi da kwanon maƙwabta, ko barkono ne sai ta jefa a ciki kafin ta mayar.

Maƙwabciyata, wata Bayarabiya mai sayar da amala a ƙofar gidanmu, ta sha yi mini tsiya a kan haka. Da Yarbanci take cewa, "Alhaja, wannan iru ɗin naku da kuke kira daddawa ba ga shi nan jibge a kasuwa ba? Kuɗin motar da kike kashewa zuwa Ketu ai ya isa ya saya miki kwando guda."

Gaskiyarta ce, babu abin da ke cikin bokitin nan da babu shi a Zango, unguwar Hausawa ta nan Agege. Sai dai na Zango saya nake yi, wannan kuwa aiko mini aka yi. Maigidana ya rasu, 'yata tana Abuja tana aikin lauya, ɗana yana ƙasar waje yana turo mini hotonsa cikin rigar sanyi kamar an naɗe katifa, gida kuma cike da 'yan hayar da ba sa tuna ina raye sai famfo ya lalace. Macen da ke zaune haka ba sai an yi mata bayanin bambancin saye da aike ba. Ranar da bokiti ya iso ina da dangi, sauran ranakun kuwa ina da 'yan haya.

Bayan bokitin sai wayar Juma'a. In Baffa ya dawo daga masallaci ya ci abinci, sai ya yi mini filashin, ni kuma in kira. Yakan fara da, "Uwata, yaya Ikko, teku bai cinye ku ba?" Daga nan ya ba ni labarin wanda ya mutu da wanda ya haihu, mutanen da ban san fuskarsu ba amma na san rigimar gadonsu tiryan-tiryan. Duk maganar da muke yi rediyonsa na ta surutu a bayansa, domin ya fi yarda ya kashe fitila da ya kashe ta.

A irin wannan waya ce maganar takardun gwamnati ta taso. Maigidana ya bar mini danfo biyu da direbobin da kullum labari suke kawo mini maimakon kuɗi, yau 'yan sanda, gobe 'yan tasha, jibi injin ya buga. Da na gaji sai na sayar da motocin, kuɗin suka zauna a banki suna narkewa, ni kuwa ba na son abin da ya haɗa ni da kuɗin ruwa. Baffa ya ji a rediyo cewa gwamnatin jiharsu za ta karɓi lamuni daga hannun jama'a ta hanyar da malamai suka halatta, wadda ake kira sukuk. Za a gina makarantu da kuɗin, gwamnati ta riƙa biyan masu takardun haya sau biyu a shekara, in wa'adi ya cika ta mayar musu da uwar kuɗinsu. Makarantar da ya koyar a cikinta har ya yi furfura tana cikin waɗanda za a gyara.

Ya ce, "Uwata, ki sa hannunki a garin ubanki. Rufin makarantar nan ya yaye, yara a ƙasa suke zama. In an gyara ta, ko bulo ɗaya ne naki."

'Yata ta karɓi takardun ta duba, ta ce abin na da ƙwari, ta fara yi mini bayani da Turancin lauyoyi, na ce ta adana kayanta. Ni bulon nan na saya. A raina na ce macen da ke da bulo a makarantar gari, ba a rufe baki a yi dariyar Hausarta. Irin lissafin da haifaffun kurmi kan yi ke nan, muna zaton ana sayen zama ɗan gari kamar yadda ake sayen rumfa a kasuwa.

Aka kuwa gyara makarantar. Direban albasa ya nuna mini hoto a wayarsa, Baffa tsaye a gaban sabon aji mai shuɗin kwano, ya karkace hula, ya harɗe hannu a baya kamar shi ya biya 'yan kwangila. Ni ma wayata ta riƙa yin ƙara a kan lokaci, sau biyu a shekara, haya ta shigo. Da ita nake sayen maganin hawan jini, in biya kuɗin wuta, in cika bokiti. Shekarun nan sun yi mini daɗi, ban ɓoye ba.

Sai aka yi zaɓe, sabon gwamna ya hau. Bai gama gyara zama ba ya ce ya tarar da baitulmali a share, bashi kuma har wuya. Ya ce zai dakatar da biyan duk abin da na gabansa ya ciwo sai an yi bincike, ya kuma aika wa majalisar jiha da ƙudurin da zai rage hayar masu takardu, ya ƙara wa wa'adin shekaru. A bakin Baffa na fara ji, kuma ranar ko teku bai tambaya ba.

A makonnin da suka biyo baya ban sami sukuni ba. Duk abin da maigidana ya tara a kan titin Legas yana cikin takardun nan. Na je wani suna a Zango, matan da na taɓa ba su labari da bakina suka sa ni a tsakiya. Wata ta ce wa ya aike ni ba gwamnati bashi, wata ta ce da gwal na saya da yanzu yana wuyana. Na ci shinkafar sunan da ƙyar, na dawo gida na zauna a tsakar gida ni kaɗai, janaretan 'yan haya na ta ruri a kaina. Mutum ɗaya ne ya tsaya mini, shi ne Baffa, duk da yana ganin laifin kansa.

Ya ce, "Ni na sa ki, Uwata, amma ki saurare ni. Ba wancan gwamnan ne ya yi miki alkawari ba, kujerar ce ta yi. Wanda ya hau kujera ya hau da alkawarinta. Mu da muka koyar da yara cika alkawari ba za mu zauna a ce gwamnati ta fi ƙarfin abin da muka koyar ba."

Maganar ta yi daɗin ji, amma ba ta sayen magani. Don haka na kira 'yata, wannan karon na ce ta yi mini bayanin da na ƙi ji a da, da Hausa, a hankali.

Ta ce, "Mama, no wahala, ki kwantar da hankalinki, ba zai iya ba. Tun ranar da suka karɓi kuɗinku suka sa hannu a wani umarni da ba a janyewa. Kowane wata, kafin kason jihar ya bar Abuja, sai an cire naku an ajiye a hannun amintattun da ke kula da haƙƙinku. Ragowar ce ke isa hannun gwamna. In kuma majalisarsa ta yi sabuwar doka don ta sauya magana bayan an gama ta, kotu za a je, domin tsarin mulki bai bar gwamnati ta ƙwace haƙƙin mutum don kawai ta sake shawara ba. Shi ma ya sani, in ya karya wannan babu mai sake ba jihar rancen ko sisi."

Na ce, "Wato gwamna guda, da jiniyarsa da 'yan sandansa, bai isa ya hana ni kuɗina ba?"

Ta ce, "Bai isa ba, Mama."

Na ji wani irin daɗi da ban san da shi ba. Ina yarinya na ga an rushe rumfar mahaifiyata a bakin layin dogo da safe, muna tsaye muna kallo, ba wanda ya ambaci wata doka. Na girma da sanin cewa doka aba ce da ke zuwa da kulki. Sai ga shi da tsufana an ce akwai wani littafi a ƙasar nan da ya ɗaure hannun gwamna saboda ni, gwauruwar Agege mai hawan jini.

Yadda ta faɗa haka aka yi. Amintattun suka tayar da lauyoyinsu, ƙudurin ya kwanta a majalisa bai sake tashi ba, ranar biya kuma wayata ta yi ƙara kamar ba a taɓa yin wani zaɓe ba. Juma'a na zuwa ban jira filashin ba, na kira Baffa ina dariya, na ce kujerarsa ta cika alkawari. Ya yi hamdala mai tsawo, ya ce ai ya gaya mini. Ya sa mini albarka, ya koma labarin wata katanga da ruwa ya kayar.

Bokitin da ya biyo baya bai yi nauyin da ya saba ba. Babu man shanu, daddawar rabi ce, an cike sauran wurin da busasshen zogale, wanda na san daga bishiyar tsakar gidansa aka tsinko. Har na tsokane shi a waya na ce matarsa ta fara rowa da tsufa. Ya yi dariya ya ce zai gaya mata, zogale kuma an ce yana saukar da hawan jini.

A zuwa na gaba ne direban albasa ya fasa mini ƙwan, ba tare da ya san abin da yake yi ba. Na same shi zaune a inuwar motarsa yana jiran 'yan dako su gama, na tambaye shi lafiyar mutanen gida.

Ya ce, "Lafiya lau, Hajiya, sai dai Malam yana jin jiki. Ai tun kafin ruwa ya sauka ba a biya 'yan fansho ba. Awakinsa ma duk ya sayar, saura guda. Bai gaya miki ba?"

Na ce bai gaya mini ba.

Ya ce, "Ba zai faɗa ba, kin san halinsa. Kullum a rediyo gwamnati na bayani, wai wasu manyan masu kuɗi ne a nan Ikko suka ba jiha bashi, su ke kwashe kason tun daga sama, kafin ya iso ba abin da ya rage. Mutum yana zaune a bene yana shan iska, tsofaffi na can suna layi a rana. Allah dai ya isa tsakaninmu da su."

Ya dube ni yana jiran in ce amin. Ina tsaye riƙe da bokitin, takalmina ya nutse a caɓin kasuwa, wani ɗan dako na yi mini tsawa in ba shi hanya. Babbar mai kuɗin Ikko ke nan, da kuɗin danfo a ƙulle a bakin mayafi. Na motsa baki yadda zai ɗauka na amsa, na yi masa sallama. Daga Ketu har Agege bokitin na kan cinyata, ban ji ko kwandasta da yake ta neman kuɗinsa ba sai da ya taɓa ni.

Ina isa gida na kira 'yata, ban ko gaishe ta ba. Na ce littafin nan nasu da ya san da ni, bai san da malamin da ya ƙare ƙuruciyarsa da alli a hannu ba?

Ta ce, "Ya san da shi, Mama. A fili ma ya faɗa cewa ba a riƙe wa mutum fanshonsa, ba a rage masa. Bambancin shi ne naku an ɗaure shi tun daga sama, ba ya bi ta hannun kowa. Na Baffa sai ya shiga asusun jiha tukuna, sannan wani ya ga dama ya sa hannu. Haƙƙinsa ne, amma sai ya je kotu, in ya yi nasara kuma ya sake zaman jira." Sannan ta ƙara da cewa kada in hau kan duk abin da rediyo ta faɗa in zauna, domin ba a ji an dakatar da sayen sababbin motocin manya ba, 'yan fansho ne kawai aka tuna babu kuɗi a kansu.

Na yarda da ita, har yau ma na yarda. Amma sanin cewa ba ni ce ɓarauniyar ba bai hana abinci tsaya mini a wuya ba. Ni da Baffa tukunya ɗaya ake kwasar mana, ni an zuba mini tun tana kan wuta, shi an ce ya jira ƙanzo.

Ranar Juma'a na tare shi da maganar. Na ce me ya sa zai bar ni ina yi masa dariya a waya alhali yana sayar da awaki. Ya yi ta kewaye-kewaye, da na matsa sai ya ce, "Hajiya, ke haƙƙinki kika karɓa, ba na kowa ba." Bai taɓa ce mini Hajiya ba, ko a shekarar da na dawo daga Makka. Ya yi maza ya gyara, ya ce Uwata, amma na riga na ji. Ban ɗauka da gangan ya yi ba. Ina jin duk makon yana sauraron rediyo ana maganar masu kuɗin Ikko, sai bakinsa ya sa ni a layinsu.

Na ce masa zan je in gaya musu ba na so, a ba 'yan fansho rabona har sai an biya su. Ya ce kada in wahalar da kaina. Litinin da safe na shirya na kama hanyar cikin gari, ofishin dillalan da suka saya mini takardun, can saman wani dogon bene inda sanyin na'ura ke shiga ƙashi. Wata budurwa mai ladabi ta zaunar da ni, ta saurare ni har na gama, sannan ta sake tambayata don ta tabbatar ta ji daidai. Ta ce tun da ta fara aiki masu kukan ba a biya su ba take gani, ba ta taɓa ganin mai kukan an biya ta ba.

Ta ce abin da nake nema ba ya yiwuwa. Kuɗin a dunƙule ake cire su, a raba wa kowa a rana ɗaya, ba wata ƙofa da mutum ɗaya zai mayar da nasa. In za a sassauta wa jihar sai an tara masu takardun duka sun amince, kuma yawancin takardun na hannun bankuna ne da kamfanonin da ke juya kuɗin fanshon wasu ma'aikatan, waɗanda su ma tsofaffinsu na jira. Nawa a cikin abin bai kai a ɗaga kai a dube shi ba. Ta ce, "In kina so, Alhaja, sai mu sayar miki. Amma wanda ya saya shi zai ci gaba da karɓa, jihar ba za ta ji sauƙin komai ba."

Raina ya ɓaci, na juya harshe zuwa Yarbanci na faɗa mata maganganun da ba ita ta jawo su ba. Ta bar ni na gama, ta kawo mini ruwa. Dokar da ta hana gwamna taɓa ni ita ce ta hana ni sakin abin da ke hannuna, an kare ni ko ina so ko ba na so. Na sauko na bi ta Idumota da ƙafa, cikin turereniyar da ko faɗuwa mutum ya yi ba zai kai ƙasa ba, kuma ban taɓa jin ni kaɗai ce a Legas kamar ranar ba. Babu wanda zan tsayar in gaya wa damuwata bai yi mini dariya ba.

Sai na yi abin da ya rage mini. Da haya ta sake shigowa na tura wa Baffa rabinta ta waya. Ya ƙi, na sa 'yata ta yi masa magiya, matarsa ma ta sa baki, daga ƙarshe ya karɓa don magani da hatsi, ya yi mini addu'ar da ta sa ni hawaye. Bokitin kuwa na danƙara shi da shinkafa da manja da kifi da madara, har sai da na hau kan murfin kafin ya rufu. Direba ya ɗaga ya ce ko duwatsu na zuba.

Motar ta tafi ta dawo, babu bokiti. Direba ya ce Malam na gaishe ni. Ta sake tafiya ta sake dawowa, gaisuwar ce dai. Da Juma'a ta zo na ce, "Baffa, ina bokitina?"

Ya ce, "Yana nan, Uwata, ba abin da ya same shi."

"To me ya riƙe shi?"

"Kalwa ta yi tsada bana. Zogalen kuma rani ya kakkaɓe shi."

Na ce ya ɗiba a cikin abin da na turo ya sayi kalwar, ai don haka na turo.

Ya ce, "In na sayi kalwa da kuɗinki na aiko miki, ai ke kika aika wa kanki. Ni me na ba ki?"

Na ce to ya aiko shi haka nan, ni bokitin nake so, ba abin ciki ba. Ina jin rediyonsa tana sanarwar wani ɗaurin aure. Can ya ce, "Uwata, sunan wa aka sa miki? Kin taɓa ganin ta mayar da kwano wofi?" Ban kuwa taɓa gani ba. Ya ce in yi haƙuri, an ce za a tantance su a biya su bashin da suke bi, ranar da kuɗinsa suka shigo zai cika shi har da man shanu, ya aiko.

An tantance su, an sake tantance su. Wani watan a ba su rabi, wani watan a ba su haƙuri, abin da ya shigo kuma kafin ya iso mai shago da mai magani sun riga sun raba shi. Takarduna suna da sauran shekaru, wayata kuma ba ta taɓa saɓa ranarta ba. Duk lokacin da ta yi ƙarar nan nakan tura masa nasa, ya kira ya yi godiya, godiya mai yawa irin wadda ake yi wa baƙo. Da can ba ma gode wa juna, tsiya muke yi a kan wa ya fi rowa.

Yanzu a Zango nake sayen daddawa. Ranar farko da mai amala ta gan ni da ita a leda ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta dubi fuskata ta mayar da kai kan tukunyarta. Direban albasa bai daina kirana ba in ya iso, don ladabi, ni ma wani lokaci nakan hau danfo in je Ketu, in tsaya a inuwar motarsa in ji labarin gida. Har yau bai san ina cikin waɗanda ya yi wa Allah ya isa ba. Shi ya gaya mini cewa bokitin yana kan rumfar tsakar gidan Baffa, an wanke shi an kife, an ɗora masa dutse kada iska ta ɗauke shi.

Kwanan baya ya ga na daɗe a tsaye ba abin da zan karɓa, sai ya ce, "Hajiya, bokiti ai ba tsada gare shi ba. Ki sayi wani ki cika, in kai masa."

Na ce masa zan duba. Har na tsaya a wajen masu sayar da su a bakin titi, na ɗaga wani fari mai murfi na ƙwanƙwasa shi, sannan na ajiye. Na san Baffa, zai karɓa, ya sa mini albarka, matarsa ta wanke shi tas, sai ya zama bokiti biyu ke kife a kan rumfarsa yana wucewa ta ƙarƙashinsu kullum in zai tafi masallaci. Na hau danfo na koma Agege hannuna wofi.